Martani: Lambar da ke Jikin Kwali Ba Ta San Dutsen Mabai Ba

Kwanakin baya wani marubuci ɗan jihar Katsina ya yi rubutu a kan mutanenmu masu sauka ƙarƙashin ƙasa neman abinci, wato maginan rijiya da masu haƙar farar ƙasa da sauran ma'adinai a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har ya kawo ƙauyen Mabai a matsayin misali. Ya nuna takaicinsa a kan yadda magidanci zai ɗaura igiya a jikin gungume ko turken da aka kafa a bakin rami, ya zura kansa cikin duhu. Sannan ya kawo mafita. Ya ce a yi koyi da Turawa masu shiga kogo: a huda dutse, a zuba gam mai haɗi biyu, a cusa ƙusar ƙarfe mai zobe, a ɗaura igiya a nan. Ya nemi gwamnati da masu hali su sayo kwali-kwali su raba wa jama'a. Da ya zo kan batun gwaji kuwa, sai ya ɗauke shi ɓata lokaci da ɓarnar kuɗi, tunda kamfanonin da suka ƙera ƙusar sun riga sun gwada ta, sun rubuta a jikin kwali cewa tana ɗaukar fiye da tan biyu. A ganinsa ma ƙusa ɗaya ta ishi rami.

Malam, niyyarka mai kyau ce, kuma na yaba da ka tuna da mutanen da ba kasafai ake tunawa da su ba sai ranar da aka ciro gawarsu. Ban kuma saɓa maka a kan ita ƙusar ba. Ƙusar gam, idan an dasa ta yadda ya kamata a dutsen da ya dace, ta fi duk wani turke da muke amfani da shi nesa ba kusa ba. Inda muka raba hanya shi ne wurin da ka soke gwaji. Ƙusar da ba a gwada ta a dutsenmu ba, da gam ɗin kasuwarmu, a zafin ranarmu, da hannun mutanenmu, ta fi gungumen da kake kuka da shi haɗari.

Gungume ba ya ɓoye aibinsa. Tsohon magini kafin ya sauka zai dafa icen, ya duba inda igiya ta ci shi, ya ƙwanƙwasa ya ji ko gara ta shiga, ya taka da ƙafa ya ga ko zai motsa. Idan ice zai karye, sau da yawa sai ya yi kuka tukuna. Ƙusar gam kuwa zobenta kaɗai ake gani a waje yana sheƙi. Abin da ke riƙe da ran mutum yana can cikin huji mai tsawon ɗan yatsa, inda ido ba ya kaiwa. Wadda aka dasa da kyau da wadda aka dasa a kan ƙura kamanninsu ɗaya ne. Ba abin da ke bambanta su sai gwaji, ko kuma ranar da ɗayarsu ta zare da mutum a rataye.

Mu fara da lambar nan da ka dogara da ita. Gaskiya ne akwai ƙa'ida a Turai mai lamba EN 959, wadda ta ce ƙusar dutse ta masu hawa da masu shiga kogo dole ta jure kiloniyutan 25 idan aka ja ta a kaikaice, da kiloniyutan 15 idan aka ja ta waje kai tsaye. A awon da muka saba, na farko kusan tan biyu da rabi ke nan, na biyu kusan tan ɗaya da rabi, wato buhun masara 15 mai kilo 100. Ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya, UIAA, ta ma ɗaga na biyun zuwa 20. To a ina ake samun waɗannan lambobin? A ɗakin gwaji ne, a jikin kankaren da aka haɗa musamman, wanda an san ƙarfinsa, a huji mai tsabta, da sabon gam, da hannun ƙwararre. Ƙarfin ƙusa kuwa a fagen aiki abu huɗu ne suke haɗuwa su ba da shi: ƙarfen, da gam ɗin, da dutsen, da wanda ya dasa. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne ke yanke hukunci. Kwali ya yi maka shaida a kan biyu na farko, in ma kayan na gaskiya ne. Biyun ƙarshe suna hannunmu, kuma su ne suka fi yawan kawo matsala.

Abin da ya fi ba ni mamaki a rubutunka shi ne, su Turawan da ka ce mu yi koyi da su ba su taɓa yarda da kwali ba. A arewacin Ingila, yankin Yokshaya, inda ake da koguna masu ramuka masu zurfi, majalisar ƙungiyoyin masu shiga kogo ta yankin, CNCC, ta fara dasa ƙusar gam tun farkon shekarun 1990. Ƙusar da suka riƙe ita ce Eco, ta kamfanin DMM na Wels. Da kamfanin ya daina ƙera ta a tsakiyar shekarun 2000, aka shiga neman madadi, har aka sa aka ƙera musu mai kama da ita. A ido ba ka bambanta su. Da aka ɗauki wani rukuni aka dasa a dutse aka ja da inji, sai aka ga bai kai ba, aka ƙi amfani da shi. Ƙungiyar masu shiga kogo ta Birtaniya, BCA, ta kafa sharaɗi: kafin a amince da wata ƙusa sai an dasa gommanta a dutsen gaske, an ja kowace ɗaya har ta zare ko ta karye, an rubuta lambar da ta kai, sannan lissafi ya nuna aƙalla 95 cikin 100 za su wuce kiloniyutan 15. Ta wannan ƙofar ƙusar kamfanin Bolt Products na Jamus ta bi, ta nan kuma ƙusar IC da Simon Wilson ya tsara ta bi. Gwajin da suka yi a dutsen siminti, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato, bai wadatar da su ga dutsen allo na tsofaffin ramukan ma'adinai na Wels ba, sai da suka sake gwaji a can. Masu dasawa kuma ba kowa da kowa ba ne, sai wanda aka horar aka san sunansa, kuma ana ajiye bayanin ƙusoshin da aka dasa a kowane kogo.

Waɗannan mutane ne da suke shiga kogo don sha'awa a ranar hutu. Namu suna sauka kullum ne don tuwon dare. Idan mai sha'awa bai yarda ya rataya a kan gwajin da aka yi a dutsen maƙwabcinsa ba, me zai sa mu rataye uban 'ya'ya a kan gwajin da aka yi a wata nahiya? Zanen aro ba ya rufe katara.

Mu dawo ƙasarmu. Ba dutse iri ɗaya gare mu ba. Akwai falalen dutse mai tauri da ke tsaye a bayan garuruwa, akwai jar marmara mai ƙofofi, akwai ruɓaɓɓen dutse da ke marmashewa a hannu, akwai kuma farar ƙasar da Ƙanƙara ta yi suna da ita. Ita farar ƙasar nan asalinta dutse ne, ruwa da daɗewar zamani suka cinye shi har ya koma laka. Ke nan wurin da ake haƙar ta shi ne ainihin wurin da dutse ya riga ya rasa ƙarfinsa. Ka zuba gam mafi tsada a duniya a bangon irin wannan rami, zai kama tsam, amma da an ja ƙusar za ta fito ne da dunƙulen ƙasa a jikinta. Marmara ma haka, wata tana da tauri a sama, taki ɗaya a ƙasa kuma ta yi laushi, da damina ta ƙara saki. Ko shi falalen dutsen ba a yarda da shi ido rufe, domin yana yin ɓawo. Saman ya kan rabu da jikin uwar dutsen, ya zauna a kai kamar yana haɗe. Masu fasa dutse sun san wannan. Ka buga guduma: idan amon ya fito tas, gudumar ta dawo maka da ƙarfi, dutse ne mai rai. Idan amon ya yi kauri, ka ji alamar babu komai a ƙarƙashi, to ɓawo ne, kuma duk ƙusar da ka dasa a nan ƙarfinta ƙarfin wannan ɓawon ne. Babu kwalin da zai gaya maka wannan.

Sai hannun mai dasawa, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya ya kalli aikin da kyau. Mai huda ya gama, ya zare bakin injin. Hujin nan cike yake da garin dutse mai laushi, wani a ƙasa, wani ya manne a bango. Ƙa'ida ita ce a hura shi da famfo, a goge da buroshin waya mai kaurin hujin, a sake hurawa, a sake gogewa, har sai iska ta daina fitowa da ƙura. Hurawa da baki ba ta fitar da na can ciki, sai dai ta cika wa mutum ido da huhu. Idan aka bar garin, gam zai kama shi ne maimakon ya kama dutse, kuma wannan kaɗai yana iya zaftare rabin ƙarfin ƙusar. Sannan shi gam ɗin ruwa biyu ne a gida biyu, sai sun bi ta cikin dogon bakin roba mai murɗe-murɗe suke cakuɗuwa. Matsar farko ba ta haɗuwa daidai, dole a zubar da ita ƙasa har sai launin ya zama ɗaya. Yanzu ka dubi lebura wanda ya san kuɗin da aka sayi robar nan, mai rami yana tsaye a kansa. Zai zubar? Ba don mugunta ba, don tattali zai zura matsar farkon cikin huji, ita kuwa ba za ta taɓa bushewa yadda ya kamata ba. Bayan wannan akwai cika hujin daga ƙasa zuwa sama don kada iska ta maƙale, da murza ƙusar a hankali yayin cusa ta, da goge maiƙon da ke jikin ƙarfen, da barin ta ba a taɓa ba har lokacin bushewa ya cika. Kowane mataki aka tsallake, zoben zai ci gaba da sheƙi kamar ba a yi komai ba.

Zafi kuma wani babi ne. Yawancin kamfanoni suna cewa a adana irin wannan gam tsakanin digiri 5 da 25, kuma yana da wa'adi, galibi shekara ɗaya zuwa biyu. Watan Afrilu a Katsina zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin shago mai rufin kwano, balle jikin falalen dutse da azahar. A irin wannan zafin wani gam ɗin yana fara daskarewa cikin 'yan mintuna, kafin mai aiki ya gama cusa ƙusar. Gam ɗin ma iri-iri ne. Akwai ifoksi, akwai foliyesta mai araha wanda ba ya son jiƙaƙƙen huji, kuma a kanti duk gam ake ce musu. Mun san halin kasuwa. Ranar da aka ji ƙusar gam tana tafiya, ranar za a fara lanƙwasa rodi a wurin mai walda ana yi masa zobe, a haɗa da gam ɗin liƙe tankin babur, a sayar da sunan waccan da Malam ya yaba. Wannan wace lamba ce a jikin kwalinta?

Ko ƙarfen na gaskiya ma yana da wurin da ba ya jurewa. A gaɓar tekun Tailan, yankin Krabi, ƙusoshin ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa sun riƙa tsagewa daga ciki saboda gishiri da zafi, wasu suna karyewa da nauyin mutum ɗaya, har aka koma amfani da ƙarfen taitaniyam. A wasu wuraren ƙusoshin nan ba su da laifi. Wurin ne ya canza.

Kada a ce wannan matsalar talakawa ce marasa ilmi. Ranar 10 ga Yuli, 2006, a birnin Boston na Amurka, kankaren rufi mai nauyin kusan tan 26 ya ɓalle a wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa, ya faɗa kan wata mota, ya kashe matar da ke ciki. Da ƙusoshin gam aka rataye rufin. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa ifoksin da aka yi amfani da shi mai saurin bushewa ne, wanda yake saki sannu a hankali idan nauyi ya daɗe a kansa. An ja ƙusoshin nan bayan dasawa sun tsallake, domin jan ɗan lokaci ne. An kuma ga wasu sun fara zamewa tun 1999, ba a bi diddigi yadda ya kamata ba. Ranar 2 ga Disamba, 2012, rufin hanyar Sasago a Jafan ya rufto, mutum 9 suka rasu. An buɗe hanyar a 1977, ƙusoshin gam ne suke riƙe da rufin, kuma bincike ya ɗora laifi a kansu da kuma sakaci wajen duba su. Injiniyoyi ne suka yi waɗannan ayyuka, da kuɗi masu yawa, da takardun kamfani a hannu. Abin da suka koya mana da rayukan mutane shi ne, ba ma kawai a yi gwaji ba, sai an yi gwajin da ya dace da irin aikin da ƙusar za ta yi, kuma a riƙa komawa ana dubawa.

Maganar ƙusa ɗaya kuwa, ina roƙon Malam ya janye ta ko da bai janye sauran ba. Masu shiga kogo ba sa sauka rami a kan ƙusa ɗaya. Biyu suke ɗaurawa a bakin ramin su raba nauyin, su kuma kai jelar igiyar baya su ɗaure a wani wurin. Lissafin cewa mutum kilo 70 ne, ƙusa kuma tan biyu, lissafin wanda ke rataye shiru ne. Idan ƙafa ta zame mutum ya faɗi ko da taki kaɗan ne, igiya ta fizge, nauyin da ke hawa kan ƙusa yana ninka nauyin jikinsa sau da yawa, musamman da igiyar da ba ta miƙewa. Ƙara da buhun ƙasa da ake ja sama safe da yamma ana girgiza zoben.

Akwai kuma abin da ƙusa ba ta magani ko kaɗan, kuma bai kamata a bar mutane su zaci tana yi ba. A watan Nuwamba na 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, ƙasar Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Ranar 3 ga Yuni, 2024, wani ramin ya rufta a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a jihar Neja bayan ruwan sama mai yawa, ya danne mutane da dama. Ba igiya ce ta tsinke a wuraren nan ba, ƙasa ce ta zubo. Loton da ba a tokare shi ba, da bangon da damina ta jiƙa, da gurɓatacciyar iskar ƙasan rijiya, duk suna nan ko an dasa ƙusa ɗari. Tsorona shi ne wanda ya ga zobe mai sheƙi a bakin rami ya ɗauka an gyara ramin, ya ƙara zurfi.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne hujjarka mafi ƙarfi, domin gaskiya mutanenmu ba su da shi. Amma gwajin nan ba wani babban al'amari ba ne. Jak ne mai aiki da mai, da ma'aunin da ke nuna ƙarfin ja, da 'yar gadar ƙarfe wadda ƙafafunta ke tsayawa nesa da hujin don dutsen ya samu damar ɓallewa in zai ɓalle. A dasa kamar 30 a kowane irin dutse, wasu a busasshen huji wasu a jiƙaƙƙe, wasu a bazara wasu a tsakiyar damina, da gam ɗin da aka sayo a kasuwar Funtuwa ko Katsina, kuma mutanen da za su riƙa dasawa gobe su ne za su dasa na gwajin. A ja kowace ɗaya har ta ba da kai, a rubuta lambar, a rubuta yadda ta ba da kan. Idan ƙarfen ne ya miƙe ko ya karye a babbar lamba, gam da dutse sun yi aikinsu. Idan ƙusar ta zare fes daga cikin gam, ko ƙirarta ce ko maiƙo. Idan ta fito da gam ɗin a jikinta, ƙura ce ko ruwa ko lalataccen gam. Idan dutsen ne ya ɓalle, to wurin nan ba wurin ƙusa ba ne, sai a zuba kankare a bakin ramin a kafa ƙarfe a ciki, shi ma a gwada. Waɗanda aka dasa don aiki kuma ba a jan su har su karye. Ana yi musu ja mai sauƙi na tabbatarwa, a koma a duba su bayan kowace damina.

Muna da masu iya wannan a kusa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen injiniyan gine-gine da na ilmin duwatsu. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina, ga ta Kaduna mai sashen ma'adinai, ga cibiyar ma'adinai ta Jos. Aiki ne da ɗaliban shekarar ƙarshe za su yi da malaminsu su amfanar da al'umma. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ke shigowa kasuwa, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ɗora kula da lafiyar wuraren haƙa a kan ma'aikatar tarayya. Na san halin tsaron da Mabai da ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka shiga a shekarun nan ya sa ba kowane jami'i ne zai riƙa zirga-zirga a can ba. Wannan ma ƙarin dalili ne na horar da 'yan gida, maginan rijiya da masu fasa dutse, a ba su jak da littafi, hakimai da dagatai su san su, ta yadda kowace ƙusa za a san wanda ya dasa ta, da ranar, da irin gam ɗin.

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Katsina, da shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da duk mai halin da rubutun Malam ya motsa: kada a raba ƙusa ko ɗaya kafin a yi wannan gwajin. Kuɗin kwalin farko a kashe shi a kan jak da horarwa. Kai kuma ɗan'uwa mai sauka rami, duk ranar da aka nuna maka zobe a jikin dutse aka ce ka ɗaura, ka tambaya wa ya dasa, yaushe, kuma a wane dutse aka gwada irinta. Idan babu amsa, kada ka sauka a kanta.